Kiɗan Gem Ɗinka Na In'ina? Ga Yadda Za Ka Kama Mai Laifi

Ka kunna gem, hoto na tafiya lafiya lau, mota na sheƙa gudu, amma kiɗan da ke baya sai cijewa yake yi. Ya yi, ya tsaya, ya maimaita gaɓa ɗaya sau uku, sannan ya ci gaba. Wani lokaci kuma ka riƙa jin tsat-tsat a cikinsa kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai. Ƙanena, na san yadda abin ke cin rai, musamman a gem ɗin da kiɗansa ne rabin daɗinsa. Ƙanwata, har da ke nake, wannan "kai" ɗin naku ne duka.

Kafin ka saɓi laftof zuwa kasuwa a ce maka sai an yi fomatin, ko ka kashe kuɗi a sabuwar sifika, ba ni safiya ɗaya. Yawancin abin da zan faɗa maka ko sisi ba zai ci ba.

Fara da sanin abin da ke faruwa a ciki. Ka tuna injin markaɗe: akwai mazubi a sama, mai injin na zuba kaya, injin na ci ba tsayawa. Da ya juya baya mazubin ya ƙare, sai ka ji ƙarar injin ta canza. Haka sauti yake a kwamfuta. Na'urar sauti tana cin ƙwayoyin sauti 48,000 ko 44,100 a kowane sakan, mazubinta kuwa ɗan mitsitsi ne. A Windows yakan ɗauki na kashi 1 cikin 100 na sakan kawai, wato ƙwaya 480. Ke nan sau 100 a sakan guda sai furosesa ta dawo ta sake cika shi. Ta makara sau ɗaya, kunnenka zai ji. Aikinka gobe da safe shi ne gano abin da ke makarar da mai zubin.

Sharaɗi ɗaya gare ni. Zaɓi wuri guda a cikin gem ɗin inda kiɗan ya saba cijewa, ya zama nan ne wurin gwajinka. Canza abu ɗaya, koma wurin, saurara na minti biyu, rubuta a takarda. In ka canza abu biyar lokaci guda ya gyaru, ba ka san wanne ya yi aiki ba. In ya ƙara lalacewa kuma, ba ka san wanne za ka mayar ba.

1. Saurara tukuna, kada ka taɓa komai.

Wannan matakin ya fi sauran duka, don shi zai nuna maka inda za ka nufa. Tambayi kanka: me ke cijewa?

In kiɗa kaɗai ne, amma ƙarar bindiga, takun ƙafa da ihun 'yan kallo na fita sumul, zargi faifan ajiya ko fayilolin gem ɗin. Je ka mataki na 6 da na 7.

In duk sautin ne ke tsat-tsat, har a YouTube ko VLC bayan ka rufe gem, laifin ba na gem ba ne. Yana wajen direban sauti (manhajar da ke tuƙa na'urar sauti), saitin Windows ko Bluetooth. Mataki na 4, na 8 da na 11 naka ne.

In hoto da sauti tare suke tsayawa, kwamfutar ce ta gaji. Duba 3, 5, 9 da 10.

Akwai kuma ƙugin da ba ya yankewa, wani "zuuu" da ke fitowa da zarar ka jona caja ko an tayar da janareta, ya ɓace in ka cire. Wannan ba in'ina ba ce, wuta ce ke kutsawa cikin wayar sifika. Canza soket ko caja, kada ka ɓata lokaci a saiti.

Ka kuma lura da lokaci. Tun daga farawa yake yi, ko sai ka yi minti ashirin kana bugawa? In na biyun ne, kusan kullum zafi ne.

2. Danna Restart, ba Shut down ba.

Tun daga Windows 8 a 2012, Shut down ba ya kashe komai gaba ɗaya. Windows na adana halin da direbobi suke ciki don ta tashi da sauri, sai ta dawo da su yadda suke, har da wanda ya rikice. Restart ne ke tayar da kowa daga farko. Yi shi, ka gwada. Minti biyu ne.

3. Jona caja, kuma ka tabbata cajar ta isa.

Laftof a kan batir tana rage wa furosesa gudu don cajin ya daɗe, in ya yi ƙasa sosai kuma ta ƙara matse ta. Kada ka yanke hukunci a kan gem ɗin da ka gwada bayan an ɗauke wuta.

Jona cajar, danna maɓallin Windows da R tare, rubuta powercfg.cpl, zaɓi High performance in akwai. A Windows 11 shiga Settings, System, Power & battery, ka mayar da Power mode zuwa Best performance.

Yanzu juya cajar ka karanta bayanta. Wat nawa ce? Duba ƙasan laftof ɗin ka ga nawa take nema. Laftof ɗin da muke saye na hannu sau da yawa ba da cajarta ta asali take zuwa ba, sai a haɗa ka da mai wat 45 alhali 65 ko 90 take so. Kwamfutocin Dell har saƙo suke nunawa lokacin tashi cewa ba su gane cajar ba, daga nan kuma sai su rage gudun furosesa sosai. In kana ganin saƙon nan kana wucewa, to ka kama mai laifinka. Ari cajar asali wurin aboki ka gwada kafin ka saya. A wajen caja dai araha ba ta ado.

4. Cire Bluetooth, sa iyafis mai waya.

Ko na wayar hannu ne, in bakinsa ya shiga, ya isa gwaji. Kiɗa ya daidaita? To Bluetooth ne, kuma hanya biyu yake ɓata sauti.

Ta farko, shi da Wi-Fi mai 2.4 GHz a layi ɗaya suke, suna gogayya. In da hotspot ɗin wayarka kake shiga intanet, duba saitinsa ka mayar da shi 5 GHz in wayar da laftof ɗin suna ɗauka. In gem ɗin ba ya buƙatar intanet, kashe Wi-Fi ɗin ɗungurungum.

Ta biyu, da zarar gem ko Discord ya buɗe makirufon da ke jikin hedifon ɗin, Bluetooth na sauka daga yanayin kiɗa zuwa yanayin kiran waya. Sauti ya koma siriri, kamar daga cikin gwangwani, yana yankewa duk lokacin da aka sauya. Maganinsa, a saitin sauti ka zaɓi makirufon jikin laftof, ka bar hedifon ɗin da ji kawai. A Windows 10 za ka ga hedifon ɗin sau biyu a jeri: zaɓi mai Stereo, ka ƙyale mai Hands-Free.

5. Duba wanda ke cin abincin gem ɗin.

Bar gem ɗin a kunne, danna Ctrl, Shift da Esc. Task Manager zai buɗe. Kalli layuka uku: CPU, Memory, Disk. Wanda ya kai 90 zuwa 100 shi ne a maƙure. Danna kan sunansa, manyan maciya za su hau sama.

Waɗanda aka saba kamawa: Chrome da shafuka goma sha, fim da kake saukewa, OneDrive, Windows Update, da rigakafin ƙwayar cuta yana bincike. Rufe abin da za ka iya. Windows Update kuwa bar shi ya gama, ko ka dakatar da shi na mako guda, amma kada ka kashe shi har abada.

In ram ɗinka gigabait 4 ce, layin Memory zai cika tun gem bai yi nisa ba. Windows sai ta riƙa kwashe kaya tana jibgawa a faifan ajiya, faifan kuma shi ne kiɗa ke jira. Ƙara ram zuwa 8 yakan kashe wannan matsalar.

6. Faifan ajiya: nan ne gidan matsalar kiɗa.

Zan daɗe a nan, don mutane da yawa ba su san wannan ba. Gajerun sautuka, irin harbi da birki da usur, gem na ɗora su cikin ram tun farko, suna nan a shirye. Kiɗa kuwa dogo ne, yana da nauyi, don haka yawancin gem ba sa ɗora shi duka. Kaɗan-kaɗan suke ɗebo shi daga faifai yayin da yake tafiya. Shi ya sa in faifai ya shagala, kiɗa ne ke fara in'ina alhali sauran sauti lafiya ƙalau.

Ka lura ko yana yi ne lokacin da ka shiga sabuwar unguwa a gem, ko kana tsala gudu a mota. A daidai lokacin ne gem ke ɗebo gidaje da tituna da mutane daga faifai ɗaya da kiɗan. Tsohon faifai mai juyi, wanda masu gyara ke kira HDD, allura ɗaya ce ke kai-komo a kansa, na laftof kuma yawanci juyi 5,400 yake a minti. Ba zai iya zama wuri biyu lokaci guda ba.

Abin yi, bi da bi:

In daga filash ko faifan waje kake buga gem ɗin, kwafe shi zuwa cikin kwamfutar. Sau da yawa nan maganar ke ƙarewa.

In kwamfutarka na da SSD, wato faifai marar juyi, da HDD duka, mayar da gem ɗin kan SSD. Steam na da wurin yin haka a Settings, Storage, ba sai ka sake saukewa ba.

Bar wa faifan sarari. In ya cika har alamarsa ta yi ja, goge finafinan da ka gama kallo.

Sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, ƙarama ce. Ta nuna Good da shuɗi, faifanka lafiya. Ta nuna Caution da rawaya ko Bad da ja, ajiye maganar kiɗa gefe, kwashe hotunanka da takardun makaranta yau ɗin nan. Faifan da ya fara mutuwa yana maimaita karatun wuri ɗaya sau da yawa kafin ya samu, kuma kiɗa mai cijewa na cikin alamunsa na farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In za ka kashe kuɗi a abu ɗaya tak a tsohuwar laftof, ni SSD zan ce ka saya. Ko mai gigabait 256 ce za ka ji bambanci tun daga kunnawa.

7. Tabbatar fayilolin kiɗan ba su lalace ba.

Alamar lalataccen fayil ita ce waƙa ɗaya ke cijewa, a wuri ɗaya, kullum. A Steam danna gem ɗin da maɓallin dama, Properties, Installed Files, Verify integrity of game files. Epic da GOG Galaxy su ma suna da Verify. Abin da ya lalace kawai za a sake saukewa, ba zai cinye maka data ba.

In kuwa tura maka gem ɗin aka yi a filash, to a nan sai na gaya maka gaskiya. Irin waɗanda ake matsewa don su yi ƙanƙanta, sauti ne abin da ake fara yankewa. GTA San Andreas na kwamfuta, wanda ya fito a 2005, cikakkensa ya haura gigabait 4, kuma babban kaso na nauyin tashoshin rediyonsa ne da muryoyi. In naka bai kai gigabait 1 ba, ba saitin da zai dawo da abin da aka cire. Nemi cikakke daga inda ake sayar da shi.

8. Gyara saitin sauti na Windows.

Windows da R, rubuta mmsys.cpl. Danna sifikar da ke da alamar kore sau biyu. Abu huɗu za ka gwada, ɗaya bayan ɗaya.

A shafin Advanced duba Default Format. In ka ga 96000 ko 192000 Hz, sauke shi zuwa 48000 Hz, 16 ko 24 bit. Wasu na ɗaga shi suna zaton sauti zai fi daɗi, alhali kiɗan gem a 48,000 ko 44,100 aka yi shi, ƙarin aiki ne kawai ga kwamfuta, wasu gem ɗin ma rikicewa suke. In tsohon gem ne kuma 48000 bai yi ba, gwada 44100.

Kashe kayan ƙawata sauti. Ko dai ka ga shafin Enhancements ka sa alama a Disable all enhancements, ko ka cire alamar Enable audio enhancements a Advanced. Wannan kaɗai ya sha warkar da tsat-tsat.

A shafin Spatial sound zaɓi Off.

Cire alamar Allow applications to take exclusive control, don kada wata manhaja ta ƙwace sifikar ita kaɗai.

Kafin ka rufe, leƙa shafin Communications ka zaɓi Do nothing. Yadda Windows ta zo, tana rage sauran sauti da kashi 80 cikin 100 in ta ga kamar kana kira. In kiɗanka yana nutsewa yana tasowa duk lokacin da aboki ya yi magana, wannan ne.

9. Sa wa hoto linzami.

Gem ɗin da ba a ƙayyade masa yawan hoto ba, zai zuba iya ƙarfinsa, 150 ko 200 a sakan, alhali allonka 60 kawai yake nunawa. Furosesa ta ƙare a can, mazubin sauti na jira. A laftof mai ƙwaƙwalwa biyu, irin yawancin Core i3 da i5 na siraran laftof har zuwa zubi na 7, abin na fitowa fili.

Shiga saitin gem ɗin ka kunna V-Sync ko ka sa iyaka a 60. In ba ya kai 60 ɗin da kyau, sa 30. Talatin mai tafiya daidai ya fi hamsin mai tangaɗi, ga ido da kunne duka. Sannan rage inuwa, yawan jama'a da nisan gani, su ne suka fi wahalar da furosesa. In saitin sautin gem ɗin na kan 5.1 ko 7.1 alhali sifika biyu gare ka, mayar da shi Stereo.

10. Zafi da ƙura.

In sai an jima ana bugawa in'inar ke farawa, fanka na ihu, ƙasan laftof ba ya taɓuwa, sauke HWiNFO ko Core Temp ka ga ma'auni. Furosesa in ta kusa 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kowace ragewa, kunnenka na iya ji.

A wurarenmu ba sai an yi dogon bayani ba. Hunturu ya cusa ƙura a fanka, bazara ta zo da zafin da ke haura 40 a inuwa, ga laftof a kan katifa ko bargo, an toshe mata hanci. Ɗora ta a tebur, sa littafi a ƙarƙashin bayanta iska ta shiga. In ta shekara biyu ba a buɗe ta ba, kai wa mai gyara ya share fankar ya canza man da ke kan furosesa. Na taɓa ganin laftof ɗin wani ƙanena da aka ce masa sai an canza allon cikinta. Da aka buɗe, ƙura ce ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga. Aka cire ta, kiɗa ya dawo.

11. Direbobi, da yadda ake kama wanda ke riƙe hanya.

Windows da R, devmgmt.msc, buɗe Sound, video and game controllers. In matsalar ta fara ne bayan wani sabuntawa, danna na'urar sau biyu, shafin Driver, Roll Back Driver. In ba haka ba, sauke direban sauti daga shafin kamfanin laftof ɗinka da lambar samfurinta. Guji manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya. Ɓarnarsu ta fi gyaransu.

Gwaji mai kyau: Update driver, Browse my computer, Let me pick, ka zaɓi High Definition Audio Device. Wannan direban Microsoft ne, ba shi da kwalliya. In da shi sauti ya daidaita, to direban Realtek ne ko manhajar ƙawata sauti da ta zo tare da shi ke da laifi. Kana iya zama a kansa.

Amma ga abin da ke ruɗa mutane: sau da yawa direban da ke ɓata sauti ba na sauti ba ne. Direban Wi-Fi, na katin hoto ko na batir yana iya riƙe furosesa na ɗan lokaci ya ƙi saki, kamar mai tirela da ya gindaya a ƙaramin titi, mai zubin sauti na bayansa ba hanyar wucewa. Task Manager ba ya nuna wannan, sai ka ga CPU na kashi 30 amma sauti na tsat-tsat.

LatencyMon ce ke kama shi, kyauta ce ga mai amfanin gida. Buɗe ta, danna koren maɓalli, buga gem na minti goma, dawo ka shiga shafin Drivers, ka jera su ta Highest execution. Wanda ya haura milisakan 1 abin zargi ne. Ga fassarar sunayen:

ndis.sys ko tcpip.sys, intanet ne. Kashe Wi-Fi ka gwada, sannan sabunta direbansa.
nvlddmkm.sys, katin NVIDIA ne. dxgkrnl.sys ma wajen hoto yake nuni. Sake sa direban hoto, in sabo ne ya kawo matsalar koma na baya.
ACPI.sys, harkar wuta da batir ce. Koma mataki na 3, ka kuma duba ko batirin ya mutu ko ya kumbura.
storport.sys, faifan ajiya ne. Mataki na 6.

12. In tsohon gem ne, dokarsa daban.

Gem da yawa da aka yi kafin 2007 an gina su ne a kan tsarin sautin Windows XP da na gabanta. Da Vista ta zo a shekarar, Microsoft ta sauya tsarin, ta cire hanyar da gem ke bi kai tsaye zuwa katin sauti. Don haka in ka ga Hardware acceleration ko EAX a saitin sautin tsohon gem, kashe shi, ko ka zaɓi Software. Mai son dawo da amon yadda yake a da, akwai ƙaramar manhaja DSOAL da ake ajiyewa a jakar gem ɗin.

Wasunsu kuma ba su san furosesa mai ƙwaƙwalwa da yawa ba. Gem na kunne, buɗe Task Manager, shafin Details, danna sunansa da maɓallin dama, Set affinity, bar CPU 0 kaɗai. In ya gyaru ka gane ciwon, sai dai duk kunnawa sai ka maimaita. Kada ka yi wa sabon gem haka, shaƙe shi za ka yi.

Ga masu GTA III, Vice City da San Andreas: bar Frame Limiter a kunne, kuma ka sa SilentPatch, gyara ne na kyauta da ya toshe kurakurai masu yawa a waɗannan ukun. In tashar waƙoƙinka ce kaɗai ke cijewa, wato waɗanda ka zuba da kanka a User Tracks, kwashe su ka mayar da biyar ka gani. Wataƙila fayil ɗaya ne mara kyau a ciki.

Oblivion na 2006, Fallout 3 na 2008 da Fallout: New Vegas na 2010 suna da nasu ciwon. Ba su ke buɗe kiɗansu da kansu ba, Windows suke miƙa wa. In an sa maka tarin manhajar buɗe bidiyo irin K-Lite ko ffdshow, kamar yadda masu sa Windows suka saba haɗawa, sai su shiga tsakani kiɗa ya rikice. Cire su ka gwada. Finafinanka ba za su tsaya ba, VLC da kayan aikinta take tafe.

Gem ɗin shekarun 1990 irin Quake da Tomb Raider na 1996 kuwa daga faifan CD kai tsaye suke jan kiɗa. In kana amfani da faifan, goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki. In a DOSBox kake bugawa, buɗe fayil ɗin saitinsa, nemi sashen mixer, ɗaga blocksize daga 1024 zuwa 2048, ka ƙara prebuffer zuwa 50. Faɗaɗa mazubi ke nan. In bai isa ba, danna Ctrl da F11 ka rage masa gudu kaɗan-kaɗan har sautin ya zauna.

13. Masu PPSSPP, PCSX2 da Dolphin.

A nan sauti ɗaure yake da gudun gem. In kwamfutarka ba ta kai gudun asalin na'urar da manhajar ke kwaikwaya ba, dole kiɗa ya ja ko ya yanke, kuma ba saitin sautin da zai hana. Kunna ma'aunin gudu a allo. Muddin bai tsaya a kashi 100 ba, hoto za ka rage: mayar da girman zane zuwa 1x ko 2x, gwada Vulkan in kana kan OpenGL ko akasin haka, kashe kayan gyaran hoto. In gudun na kan 100 amma akwai ɗan tsat-tsat, sai ka shiga saitin sauti ka ƙara girman mazubi, a PCSX2 kuma ka bar shi a TimeStretch.

Mai Linux da Steam, gwada rubuta PULSE_LATENCY_MSEC=60 %command% a Launch Options na gem ɗin. Shi ma faɗaɗa mazubi ne.

14. Gwajin ƙarshe kafin kasuwa.

Nemi ɗan katin sauti na USB, mai kama da filash da ramin iyafis a jiki. Ba shi da tsada, masu kayan waya na sayarwa. Jona shi, sa iyafis, koma wurin gwajinka. In sauti ya fita tas, na'urar sautin cikin laftof ɗin ce ko direbanta, kuma kana iya ci gaba da amfani da katin hankali kwance. In har da shi yana in'ina, na'urar sautinka ba ta da laifi, kada ka yarda a canza maka ita.

Sai yanzu za ka je wurin mai gyara, da takardarka a hannu. Kada ka ce masa "sauti ne ba ya yi". Ce masa: "Malam, kiɗa kaɗai ke cijewa, bayan minti ashirin yake farawa, zafi na kai 97, faifai ya nuna rawaya, na gwada wata cajar." Roƙe shi ya kunna gem ɗin a gabanka bayan gyara, ku saurara tare na minti ashirin ɗin nan kafin ka biya. In ya ce fomatin, tambaye shi wanne daga cikin waɗannan fomatin zai gyara, kuma kada ka miƙa laftof ɗin sai ka kwashe fayilolinka da jakar da gem ke adana inda ka tsaya.